Gashi da Motsa Tsokokin Ƙasan Ƙugu: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Katsina da Amsoshinsu

Mafi yawan waɗanda ke fama da ɗigar fitsari, ko jin nauyi a gaba, ko zafi yayin kwanciyar aure, ba sa faɗar abin kai tsaye idan sun zo asibiti. Wata za ta ce sanyi ne ke damunta, wani ya ce basir ne ya taso masa, sai an zauna an yi tambaya a natse kafin ainihin ƙorafin ya fito. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin mai jin nauyin yin su a gaban likita ya samu amsa tun daga gida, ya kuma gane ko matsalarsa tana cikin waɗanda sashen gashi, wato sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti (physiotherapy), ke magancewa.

Mene ne ƙasan ƙugu, kuma wane aiki yake yi?

Wasu tsokoki ne da suka shimfiɗu a can ƙasan ƙashin ƙugu, daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya, suna tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji, da kuma mahaifa idan mace ce, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwaryar nono a rataye. Hanyar fitsari da dubura da gaban mace duk ta tsakiyarsu suka ratsa, saboda haka su ne ke matsewa su tsare fitsari da iska da bayan gida har mutum ya isa inda ya dace, su ne kuma ke saki idan lokacin fitarwa ya yi. Suna aiki tare da tsokokin ciki da na baya da kuma numfashi, shi ya sa duk lokacin da mutum ya yi tari ko ya ɗaga abu mai nauyi, ƙarfin da ya taru a cikinsa kan sauka ne a kansu.

Me ke raunana su?

Goyon ciki da haihuwa ne kan gaba, musamman doguwar naƙuda, ko haihuwar babban jariri, ko ƙarin da ya yi zurfi har ya kusanci dubura, ko haihuwa a kai a kai ba tare da jiki ya samu hutu ba. Bayan wannan akwai abubuwan da ba a cika lura da su ba domin sun zama jiki: yunƙurin bayan gida mai tauri na shekara da shekaru, tarin da ba ya yankewa, ƙiba, da aikin ƙarfi irin na ɗaukar jarkar ruwa daga rijiya ko daka da surfe tun ba a yi arba'in ba. Idan mace ta daina ganin al'ada, raguwar sinadarin da ke ƙara wa fatar wurin kauri da danshi kan fito da raunin da ya daɗe a ɓoye. Ga maza kuwa, tiyatar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce babban sanadi.

Likita, tun da na haifi na huɗu fitsari ke zubo mini idan na yi atishawa ko dariya. Surukata ta ce haka kowace mai haihuwa take. Gaskiya ne?

Surukarki ta yi gaskiya ta fuska ɗaya, domin abin ya yi yawa a tsakanin matan da suka haihu, amma yawansa bai sa ya zama abin da za a zauna da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne, atishawa tana danna mafitsara da ƙarfi farat ɗaya, idan kuma tsokokin da ke rufe hanyar fitsari ba su matse da sauri da ƙarfin da ya isa ba, sai ɗan fitsari ya kuɓuce. Wannan nau'in shi ne ya fi kowanne jin magani a sashen gashi. Wani bita da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta fitar a 2018, wanda ya haɗa gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa matan da suka yi atisayen tsokokin nan sun ninka waɗanda ba su yi ba kusan sau takwas wajen bayar da rahoton warkewa. Hukumar NICE ta Ingila, mai fitar da ƙa'idojin jinya, ita ma ta sanya shi a matsayin matakin farko kafin a yi zancen tiyata, bisa sharaɗin a yi shi a ƙarƙashin kulawar ƙwararre na aƙalla wata uku.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, shi ne ya bayyana ta a rubuce a 1948, har yau kuma da sunansa ake kiran atisayen a asibitoci.

Ni nawa ba ɗiga ba ne, matsuwa ce ke zuwa mini kwatsam, kafin in isa bayi na jiƙe. Shi ma atisaye zai yi masa?

Zai taimaka, amma ba shi kaɗai ba. A nan mafitsara ce ke matsewa da kanta tun ba ta cika ba, don haka ake haɗa atisayen da horar da mafitsara na aƙalla mako shida: idan matsuwa ta zo ki tsaya cak ko ki zauna, ki matse tsokokin da sauri sau kaɗan, ki jira ta lafa, sannan ki taka a hankali zuwa bayi, ana kuma ƙara tazarar da ke tsakanin fitsari da fitsari kaɗan-kaɗan. Akan duba abin sha ma, domin shayi mai kauri da kofi da lemon kwalba da goro duk suna tsokanar mafitsara. Kafin a fara komai sai an gwada fitsari, saboda ƙwayoyin cuta a mafitsara da ciwon suga suna kawo irin wannan alama, su kuma maganinsu daban ne.

Akwai wata dabara da mutane ke yi wadda take ƙara dagula lamarin, wato rage shan ruwa don kada fitsari ya taru. Fitsarin da ya yi kauri ya yi ja ya fi damun mafitsara, ga shi kuma rashin ruwa yana busar da bayan gida, abin da ya fi muni a watannin zafin Katsina daga Maris zuwa Mayu. Mai azumi ya rarraba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ya kwankwaɗe shi gaba ɗaya dab da kwanciya.

Wannan matsala ɗaya ce da yoyon fitsari?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ya fi muhimmanci a bambance. Yoyon fitsari huji ne da ya buɗe tsakanin mafitsara da gaban mace, wani lokaci tsakanin dubura da gaba, galibi sakamakon naƙudar da ta tsaya har kan jariri ya danne naman wurin ya hana shi jini, wani lokaci kuma sakamakon yankan gishiri ko rauni a wurin tiyata. Alamarsa ita ce zubar fitsari ba dare ba rana, a kwance ko a tsaye, ba tare da tari ko matsuwa ba. Babu atisayen da ke toshe huji, komai daɗewar da aka yi ana yinsa. Macen da ta ga haka bayan haihuwa ta nufi asibiti nan take, domin idan hujin sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari da aka bari na wasu makonni kan ba shi damar haɗewa da kansa, sauran kuma sai an yi ɗinki.

Katsina ta yi sa'a a wannan fanni, domin Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ƙasa tana Babbar Ruga a kan hanyar Batsari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki a shekarun 1980 a asibitin da asalinsa na kutare ne, ya yi wa dubban mata ɗinki, ya kuma koyar da likitoci da dama. Aikin sashen gashi yana zuwa ne a gefen tiyatar. Wasu matan ana rufe hujin lafiya amma fitsari ya ci gaba da ɗiga saboda hanyar fitsarin ta yi rauni, a nan ne atisaye ke da amfani. Wasu kuma naƙudar ta danne musu jijiyar ƙafa har suna jan ƙafa ba sa iya ɗaga tafin sama, wasu gaɓoɓinsu sun ƙage saboda daɗewa a kwance a dunƙule, waɗannan duk suna buƙatar gashi da koyon tafiya.

Ina jin wani abu yana saukowa ta gabana, musamman da yamma. Gashi zai mayar da shi?

Wannan alama ce ta zazzagowar mahaifa, ko bangon mafitsara, ko na dubura. Yakan lafa da safe bayan an kwana a kwance, ya dawo bayan an yini a tsaye ana aiki. Idan zazzagowar tana matakin farko ko na biyu, atisaye na aƙalla mako 16 yana rage jin nauyin da jan baya, kuma yana iya hana abin ƙaruwa. Idan kuwa ya riga ya fito waje har ana ganinsa ko yana gogar zane, ba gaskiya ba ne a ce atisaye zai mayar da shi mazauninsa. Likitan mata ne zai duba ya zaɓi zoben roba da ake sanyawa ya tokare shi, ko tiyata, atisayen kuma ya biyo a matsayin mataimaki.

Yaya ake yin atisayen daidai?

A fara a kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ki matse dubura kamar mai riƙe iska a cikin taro, ki haɗa da matse gaba kamar mai tsayar da fitsari, sannan ki ja duka biyun ciki zuwa sama. Ki riƙe gwargwadon iyawarki, ko da daƙiƙa biyu ko uku ne a farko, ki saki gaba ɗaya ki huta daidai tsawon riƙon, ki maimaita. Abin da ake nufa a kai a hankali shi ne riƙo na daƙiƙa goma har sau takwas zuwa goma, a bi shi da matsi masu sauri guda goma, a yi haka sau uku a rana. Wanda ya ɗaura shi da wani abu da ba ya wuce shi, misali bayan sallar asuba da bayan la'asar da bayan isha'i, ya fi wanda ya bar shi sai ya tuna dagewa. Idan ya samu a kwance sai a koma zaune, daga nan a tsaye, domin a tsaye ne fitsarin ke zuba.

Kurakuran sanannu ne. Mai gashi kan ɗora hannu a cikin mace ya ce ta matse, sai ya ga ta ɗauke numfashi, kafaɗunta sun tashi, cinyoyinta sun haɗe, ɗuwawunta ya ɗaga daga gado, alhali wurin da ake nufi bai motsa ba. Mafi hatsari shi ne wadda ke yunƙuri ƙasa tana zaton matsewa take yi, domin ita tana ƙara wa kanta rauni ne a kullum. Wannan shi ne dalilin da ya sa bayani a rubuce, har da wanda ke wannan shafi, ba ya maye gurbin a duba mutum ko da sau ɗaya. Haka nan kada a mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa atisaye, domin yana hana mafitsara juyewa tas.

Da zarar an iya matsin, sai a koyi yinsa dab da tari ko atishawa ko ɗaga yaro ko tashi daga sujada. Wannan ɗan matsi na gaba-da-aiki yakan rage ɗigar tun kafin tsokar ta gama ƙarfi.

Kowa ne ya kamata ya yi shi?

A'a. Akwai waɗanda matsalarsu ƙagewa ce, tsokokin a ɗaure suke ba sa saki. Alamunta su ne zafi a farkon saduwa ko ma kasa yinta gaba ɗaya, abin da kan faru ga amare har a ɗora laifin a kan iska ko sammu, da ciwon mara ko na ƙasan baya da aka yi ta hoto ba a ga komai ba, da wahalar fara fitsari, da bayan gida da ba ya fita sai da dogon nishi. Idan irin wannan ta kama atisayen matsi, ciwon ƙaruwa yake yi. Abin da ake koya mata shi ne sakin tsokar ta hanyar numfashin ciki a hankali, da miƙe cinyoyi da ƙugu, da tausa ta hannun ƙwararriya, wani lokaci da wasu sanduna masu santsi da ake farawa daga ƙarami. Mijin da aka yi wa bayani ya fahimci cewa ba ƙi ba ne kuma ba ganganci ba ne yakan zama rabin maganin.

Maganin matsi da ake sayarwa ba zai wadatar ba?

Abubuwan da ake cusawa, irin su alif da garin sassaƙe da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ba sa isa ga tsoka. Suna busar da fatar wurin ne ko su kumbura ta, sai a ji kamar an matse na ɗan lokaci, a bayansa kuma akan samu ƙaiƙayi da tsagewa da shigar ƙwayoyin cuta, wasu har da tabon da ke ƙuntata hanya. A ganina kuɗin da ake zubawa a nan ya fi ƙarfin abin da ake samu nesa ba kusa ba.

Mai ciki da mai jego fa, yaushe za su fara?

Mai ciki mai lafiya za ta iya farawa tun a watannin farko, kuma an tabbatar cewa wadda ta fara kafin ɗigar ta same ta ta fi samun kariya a ƙarshen ciki da watannin bayan haihuwa. Bayan haihuwa ana iya fara matsi mai sauƙi cikin kwanakin farko da zarar fitsari na fita daidai kuma an cire roba idan an sa, ko da akwai ɗinki, domin motsin yana taimaka wa jini ya zagaya ya rage kumburi. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ita ma tana buƙatarsa, tunda wata tara na ɗaukar nauyi ya riga ya yi nasa tasirin. Wadda ƙarinta ya kai ga dubura kuwa ya kamata a tura ta sashen gashi ko da ba ta yi ƙorafi ba.

Hutun kwana arba'in da aka gada abu ne mai kyau ga ƙasan ƙugu, kuma ya yi daidai da mako shidan da asibiti ke cewa a guji ɗaukar nauyi. Ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi da jiki zai ɗauka, domin tafasasshen ruwa yana ƙona fata ya ɓata ɗinki, ba ya kuma ƙara wa tsoka ƙarfi. Likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciya na bayan haihuwa, saboda haka a yi hattara da su.

Maza ma suna zuwa?

Suna zuwa, ko da yake sun fi mata jinkiri. Bayan tiyatar furostet atisayen yana gaggauta dawowar riƙon fitsari. Akwai kuma ɗigon da ke biyo baya bayan mutum ya gama fitsari ya yi tsarki ya ɗaura wando, wanda ke jefa magidanta da yawa cikin waswasin alwala. Sauran fitsari ne da ya maƙale a lanƙwasar hanyar da ke bayan maraina, kuma ana fitar da shi ta hanyar dannawa da yatsu daga bayan maraina zuwa gaba sau biyu ko uku, a haɗa da matsi mai ƙarfi. Namiji zai san ya kama tsokar daidai idan ya ga gindin gabansa ya ɗan ja ciki, maraina sun ɗan ɗaga. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar ko yake yankewa ya fara ganin likitan mafitsara tukuna.

Game da hukuncin alwala da salla ga mai ɗigar da ba ta yankewa, malaman fiƙihu sun yi masa babi na musamman mai sauƙaƙawa, sai a tambaye su a maimakon a ƙaurace wa jam'i.

Me za a yi mini a zuwan farko? Dole ne a duba al'aurata?

Zuwan farko yawancinsa hira ce: haihuwa nawa, yaya naƙudar ta kasance, yaushe fitsarin ke zuba, yaya bayan gida yake, wane aiki ake yi a gida. Akan ba da takarda a rubuta abin da aka sha da lokutan fitsari na kwana uku, wanda bai iya rubutu ba wani na gida ya taimaka masa. Dubawa ta ciki da yatsa sanye da safar hannu ita ce hanya mafi inganci ta sanin ko tsokar tana matsewa ko tana ƙage, amma ba a yinta sai da izininki, kina da haƙƙin neman mace ta duba ki, ki shigo da 'yar rakiya, ki kuma ce a tsaya a duk lokacin da kika so. Idan ba ki amince ba za a iya farawa da dubawa ta waje. Inda akwai kayan aiki, akan yi amfani da na'urar da ke nuna ƙarfin matsi a allo, ko wadda ke motsa tsokar da ɗan lantarki mara zafi ga wadda ba ta iya matsewa ko kaɗan.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Jini a fitsari, wanda zai iya zama tsargiya ko wani abu da ya fi ta. Kasa yin fitsari gaba ɗaya. Zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi. Zubar jini bayan an daina al'ada. Da kuma ciwon baya da ya zo tare da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafafu, ko kuɓucewar bayan gida kwatsam. Na ƙarshen nan yana nuna an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma a ranar ake kai shi sashen gaggawa.

Ina zan je a Katsina, kuma idan wata uku ya cika ban ga sauƙi ba fa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da likitan da ke kusa, ko wurin awon ciki, a nemi takardar turawa zuwa sashen gashi na babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Mata za su iya fara kai ƙorafinsu Asibitin Mata da Yara na Turai Yar'adua, masu zubar fitsari ba yankewa kuma su nufi Babbar Ruga kai tsaye. Wanda ke zuwa daga Daura ko Funtuwa ko Malumfashi ya faɗi nisan gidansa tun a zaman farko domin a tsara masa dawowa da tazara, tunda mafi yawan aikin a gida ake yinsa. A tabbata mai gashin yana da rajista da hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi a Najeriya, a kuma tambaya ko akwai wanda ya ƙware a lafiyar mata, domin ba kowane mai gashin ƙashi ne ya samu wannan horo ba.

Akan fara ganin canji bayan wasu makonni, amma ba a yanke hukunci sai wata uku sun cika. Idan babu sauƙi, abu na farko da za a sake dubawa shi ne ko tsokar da ake matsewa ita ce daidai, da ko ana yin atisayen a kullum, da ko tari ko taurin bayan gida na warware abin da ake ginawa. Idan duk waɗannan sun daidaita, sai a mayar da mutum ga likitan mata ko na mafitsara domin a duba batun ƙwayoyi, ko zobe, ko tiyata. Wanda kuma ya samu sauƙi ba ya dainawa gaba ɗaya, sai dai ya rage zuwa sau ɗaya a rana, domin tsokar tana komawa baya idan aka bar ta.